Giya Mai Ƙarfi: Gargaɗi Ga Masu Dafawa Da Masu Sha

Yau zancenmu a kan burukutu da fito ne, musamman irin wadda ake dafa wa don ta yi ƙarfi. Wanda ba ya sha ya huta, amma shi ma ya saurara, gama wata rana maƙwabcinsa za a ɗauko ranga-ranga.

Da fari bari mu ga inda ƙarfin giya ya ke fitowa. In an jiƙa dawa ta yi tsiro, aka shanya, aka niƙa, aka dafa, sai garin ya koma zaƙi. Sa'an nan waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, watau yisti, su cinye zaƙin su mai da shi barasa. Yawan zaƙi, yawan barasa. Burukutu na yau da kullum barasar da ke cikinsa ba ta cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ba. In an rage ruwa, aka ƙara tsiro ko sukari, ƙarfin ya kan ninka, ƙwarya ɗaya ta zama biyu a jikin mai sha, shi kuwa bai sani ba.

To, amma yisti yana da iyaka. In barasa ta kai wajen kashi 15 cikin 100, sai ya kāsa aiki. Saboda haka in ka kurɓi giyar gida kaɗan ta kā da kai nan take, ka tabbata an zuba mata wani abu. Waɗansu kan jefa zaƙami, waɗansu kan tsiyaya ogogoro. Mafi muni shi ne wani ruwa da a ke kira metanol, wanda a ke aikin fenti da shi. Kamanninsa da warinsa kamar barasa, amma cokalin shayi 2 ya isa ya makantar da mutum, 6 kuwa na iya kashe shi. A 2015 irin wannan ya hallaka mutane a Ode-Irele ta Jihar Ondo, ya kuma kashe wajen 70 a Jihar Ribas.

Ku masu dafawa, ga abin da na ke roƙonku. Kada ku taɓa hatsin da ya yi fumfuna ko garin da ruwa ya jiƙa ya kwana. A 2015 ɗin nan, a garin Chitima na ƙasar Mozambik, mutum 75 suka mutu bayan sun sha giyar gida a wurin makoki. Da aka bincika, sai aka tarar dafin ya fito daga garin masarar da ya ɓaci. Irin wannan dafi tafasa ba ta kashe shi. Kada kuma ku dafa cikin durom da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko man fetur, ko da an wanke shi. Ku wanke tukwane da ƙwarya, ku rufe su saboda ƙuda. Kada ku ƙara kome don ku jawo masu saye. Ran da mutum ya faɗi a ƙofarku, ribar ta ƙare.

Ku masu sha kuwa, hanta ce ke ɗaukar wahalar. Shekara da shekaru tana ƙonewa a ɓoye, sai ran da ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa. Mace mai ciki kada ta kusance ta ko kaɗan, gama abin da ta sha, ɗan cikinta ya sha.

In wani ya bugu har ya fita hayyacinsa, ku kwantar da shi ta gefe, don kada amai ya shaƙe shi, kada kuma ku bar shi shi kaɗai. In kuwa bayan rabin yini ko kwana ɗaya ya ce yana ganin hazo-hazo, ga ciwon ciki, ga haki, to, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe. Ku kai shi asibiti nan da nan, ku riƙo sauran abin da ya sha, ku kuma nemo waɗanda suka sha tare da shi.

Rigakafi ya fi magani. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.