Tanderun Daidaita Ƙarfe da Makomar Maƙeranmu



An nemi mu tofa albarkacin bakinmu a kan shawarar kafa wurin koyon sana'a a garin nan. Mun ga jerin kayan da ake son saye, akwai injin walda da na yankan ƙarfe, amma ba mu ga tanderu ba. A kan wannan giɓin za mu tsaya.

Kowa a nan ya san kukan manomanmu. Mutum ya sayi bakin garmar shanu ko sandar injin niƙa ƙirar gida, kafin kaka ta karye, sai ya rantse ba zai ƙara sayen ta gida ba. Laifin yakan faɗa kan maƙeri, alhali sau da yawa hannunsa bai yi kuskure ba. Aiki guda ne ya rage bayan ƙira, kuma ba shi da wurin yin sa.

Ƙarfe a ido dunƙule ɗaya ne, amma a ƙarƙashin madubin ƙara girma ƙwayoyi ne manne da juna, kamar riɗi a cikin kantu. Idan ya daɗe a wuta mai tsanani ƙwayoyin sukan yi girma. Idan kuma aka buga shi, gefe ya riga tsakiya hucewa, sai wani wuri ya yi tauri wani ya yi laushi, a bar shi da ɗaurewa a ciki wadda ido ba ya gani. Haka ma bakin walda yake. Nan ne yake karyewa ranar da ya gamu da saiwa ko dutse.

Maganin da masana'antu suke yi shi muke kira daidaita ƙarfe. Ana mayar da kayan cikin tanderu a kai su zafin digiri 850 zuwa 950 a ma'aunin Salshiyas, gwargwadon yawan sinadarin kabon da ke cikinsu. A bar su har zafin ya ratsa, kimanin awa ɗaya ga kowane inci na kauri, sannan a fito da su su huce a sarari, ba ruwa, ba mai, ba fifita. A wannan zafin tsofaffin ƙwayoyi suna rushewa, sababbi ƙanana masu girma ɗaya su maye gurbinsu. Da an bar kayan sun huce a cikin tanderun a rufe, da sun fi haka laushi. Da an tsoma su a ruwa, da sun yi tauri amma su riƙa fashewa kamar tangaran sai an sake ɗumama su. Daidaitawa tana tsakani, kuma ita ce shimfiɗar da ake yi kafin a taurara baki.

Wannan ilimi ba na jiya ba ne. A 1868 wani injiniya ɗan Rasha, Dmitry Chernov, yana binciken abin da ke sa manyan bindigogi fashewa, ya nuna cewa akwai matakan zafi da ƙarfe ke sauya halinsa na ciki idan ya kai su. Iyayenmu maƙera ma, da gawayin ƙirya da zugazugi, sun san wani abu daga wannan, domin launin ƙarfe suke karantawa a duhun maƙera. Akwai kuma gwajin maganaɗisu: ƙarfe yakan daina kama shi a wajen digiri 770, alamar an kusa amma da saura. Ga fartanya ko lauje, ido ya wadatar. Sanda mai tsawon kamu uku kuwa, wutar maƙera gefe ɗaya take ci, kafin a gasa wancan wannan ya huce.

Abin da tanderu ya fi maƙera da shi ke nan. Ɗaki ne na tubalin da ke jure wuta, ana hura shi da gas ko lantarki, da wayar auna zafi a ciki mai nuna lamba a waje. Manyan masana'antu suna da wanda ƙasansa ke fitowa a kan dogo a loda masa kaya, da wanda kaya ke shiga ta nan su fita ta can ba tsayawa. Mu ƙaramin na akwati muke nufi. Kwangilar Ajakuta an sa mata hannu tun 1979, har yau ba a narka tama a babban tanderunta ba, saboda haka kada girman abu ya ruɗe mu.

Sai dai a yi hattara. Yawancin ƙarfen da maƙeranmu ke sara tsoho ne, irin na Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna: sifirin na mota, gatarin lori, guntun rodi. Kowanne da yawan kabon ɗinsa, kuma tanderu ba zai mayar da rodin gini ya zama sifirin ba. Dole wanda zai riƙe shi ya iya rarrabe su, ya kuma rubuta zafi da lokacin kowane lodi a littafi, yadda muke cika rajistar aji. Game da makamashi, duk mun san halin wutar lantarki a garin nan, don haka a ganinmu na gas ya fi dacewa.

Roƙonmu ga kwamiti shi ne kada a kulle jerin kayan nan sai 'ya'yanmu injiniyoyi da ke Kaduna da Kano da Legas sun kawo farashin ƙaramin tanderu da kuɗin gas ɗinsa na wata. Sarkin Maƙera kuma ya ba mu yara biyu daga gidajen ƙira, masu takardar sakandare, a tura su kwalejin fasaha tun kafin a aza tubali.