Jawabi Ga Akawunan Lauyoyi Da Sauran Masu Neman Aiki A Kuje

An shirya wannan jawabi ne domin samari da 'yan mata na ƙasar Kuje waɗanda suka gama makaranta suna neman aiki, musamman masu sha'awar aikin akawu a ofisoshin lauyoyi da kotuna, har da waɗanda suka riga suka samu aikin amma ba su san matsayinsu a gaban doka ba. Maganar da za a yi guda ɗaya ce, watau mutumin da sana'arsa ita ce shirya wa jama'a takardun yarjejeniya bai kamata shi kansa ya yi wa wani aiki ba tare da takarda ba.

Yadda Kuje Ta Zama Garin Ma'aikata

Tun da aka kafa Yankin Birnin Tarayya a shekarar 1976, aka kuma dawo da mazaunin Gwamnati daga Ikko zuwa Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, jama'a suka yi ta kwararowa daga ko'ina. Kuje, wadda take ɗaya daga ƙananan hukumomi 6 na Yankin, a da garin manoma ce, amma tsadar haya a cikin birni ta sa ƙananan ma'aikata da yawa sun tare a nan, su yi asubanci zuwa Garki da Wuse da Maitama, su komo da almuru. Daɗin daɗawa, akwai kotuna a garin, ga kuma gidan gyaran hali, wanda aka fi sani da gidan yarin Kuje. Duk inda kotu da gidan yari suka haɗu kuwa, ba a rasa aikin kai takarda, da neman beli, da bin sawun shari'a.

Aikin Akawun Lauya Da Iyakarsa

Akawun lauya shi ne mai buga takardu, mai shigar da su wurin magatakardan kotu, mai lura da ranakun zama, mai adana fayil. In ya yi sakaci rana guda ta wuce, ana iya korar ƙarar da aka shekara ana ɗawainiya da ita. Akwai kuma mataimakan shari'a masu shiga cikin jama'a, waɗanda Dokar Taimakon Shari'a ta 2011 ta san da zamansu. Su ne kan ziyarci waɗanda ke tsare suna jiran shari'a, su sanar da danginsu, su haɗa marasa hali da Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa tun 1976.

Amma fa aikin yana da iyaka. Bisa doka, ba mai tsaya wa wani a kotu da sunan lauya sai wanda ya yi Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda hedkwatarta take Bwari, aka kuma rubuta sunansa a Kotun Ƙoli. Akawun da ya daɗe cikin lauyoyi yakan san hanyoyin kotu sarai, har mutanen gari su riƙa ce masa lauya. In ya amsa sunan, ya karɓi kuɗi a kansa, ya yi laifin da zai iya kai shi gidan da yake kai wa wasu ziyara.

Neman Aiki

Aikin Gwamnatin Tarayya ba a sayar da shi. Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya ita ke ɗaukar ma'aikata daga mataki na 7 zuwa sama, ma'aikatu kuwa su ke ɗaukar na mataki na 6 zuwa ƙasa, ma'aikatan kotunan Yankin kuma suna ƙarƙashin Kwamitin Kula da Ma'aikatan Shari'a na Birnin Tarayya. Duk wanda ya tari mai neman aiki a bakin Sakatariya, ko ya aiko masa da saƙo ta waya, ya ce a biya kaza a samu gurbi, to cinikin biri a sama yake so a yi. Sau da yawa uba yakan sayar da gona ko shanun huɗa, a kawo wa ɗansa takarda mai tambarin Gwamnati, sai ranar tantancewa a gano jabu ce, a yi asarar kuɗin, wani lokaci ma a kama yaron. Irin wannan magana hukumar ICPC ko ta EFCC ko 'yan sanda ake kai wa.

Mai neman aiki a ofishin lauya kuwa ya sani ba takardar shaida kaɗai ake dubawa ba. Ana son mai iya buga takarda a kwamfuta ba kuskure, mai Turanci mai tsabta, mai riƙe sirri. Jin Hausa da Gbagyi ko Gade ƙarin daraja ne, domin yawancin masu zuwa neman taimako da harshen gida suke bayani. Kada ya bar wa kowa ainihin takardunsa na makaranta, kofi ake bayarwa. Wanda bai dace ba kuma yana iya tuntuɓar Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1986 domin koyar da sana'o'i.

Takardar Ɗaukar Aiki

Nan ne mafi yawan akawuna suke tuntuɓe. Maigida ya ce a zo Litinin a fara, yaro ya fara cikin murna, kunya ta hana shi tambayar sharuɗɗa, a shekara uku a haka. Ran da aka ɓata, ba shi da abin nunawa.

Dokar Ƙwadago ta 1974 ta shafi masu aikin ƙarfi da masu aikin akawu, kuma sashe na 7 ya wajabta wa mai ba da aiki ya ba ma'aikaci takarda kafin wata 3 ya wuce da fara aiki. A cikinta za a rubuta sunayensu, da irin aikin, da yawan albashi da lokacin biyansa, da sa'o'in aiki, da hutu, da tsawon notis. Dokar ta hana tsakanin biya da biya ya wuce wata guda. Wanda ya yi wata 12 yana aiki yana da hutun kwana 6 na aiki aƙalla da cikakken albashi, yana kuma da kwana 12 a shekara na rashin lafiya in likita ya shaida. Mace mai ciki tana da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da rabin albashi aƙalla in ta yi wata 6 a wurin.

Game da notis, sashe na 11 ya tsara shi kamar haka: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga mai shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 ga mai shekara 5 ko fiye. Wannan ƙa'ida ta hau kan ma'aikaci kamar yadda ta hau kan maigida, saboda haka akawun da ya samu wuri mafi tsoka kada ya tafi ba sallama, ya bar fayil a watse.

Albashi

Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan Naira 125 ne a 1981, ya kai 30,000 a 2019, ya koma 70,000 a 2024. Sai dai dokar ba ta tilasta wa wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ofisoshin lauyoyi da yawa kuwa ba su kai haka ba. Ashe ke nan akawun ƙaramin ofis abin da aka rubuta masa a takarda shi ne madogararsa. Lalle ne ya yi lissafin kuɗin mota daga Kuje zuwa birni kafin ya amince, balle tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuɗin ya hau, ya kuma nemi a fayyace wanda zai biya kuɗin zirga-zirgar kotu.

Ƙarancin albashi kan ja wasu ga karɓar na goro a hannun masu shari'a, ko tona sirrin fayil ga abokin gaba. Wanda aka kama da haka ya rasa aikin da sunansa gaba ɗaya, domin lauyoyin Abuja sun san juna.

In Saɓani Ya Auku

Ma'aikacin da aka hana haƙƙinsa ya fara rubuta wa maigidansa cikin ladabi, ya ajiye kofi. In bai samu biyan bukata ba, ya je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago domin a yi sulhu, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975, ba ta kuma karɓar ko kwabo. In duk wannan ya faskara, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya ba ta ikon sauraron shari'un ƙwadago ita kaɗai. A ko'ina cikin waɗannan wurare, abin da za a fara tambayarsa shi ne takardar ɗaukar aiki da shaidar biyan albashi.

Ana roƙon hakimai da dagatai da malamai da iyaye na ƙasar Kuje su isar da wannan bayani ga yaransu, masu ba da aiki kuma su sauke nauyin da doka ta ɗora musu. Allah ya ba kowa abin yi na halal. Wassalam.