Jawabi Ga Iyaye A Kan Faɗaɗa Muƙamuƙin Sama Na Yara

Jama'a, a Hammadu Kafi da sauran unguwannin Gombe, kamar ko'ina a ƙasar nan, akan ga yaro wanda haƙoransa na sama suka cunkushe, wasu sun hau kan wasu. In ya rufe baki sai turamen sama su faɗa ta cikin na ƙasa, alhali su ya kamata su rufe su ta waje. Galibi abin da ke kawo haka shi ne ƙuncin muƙamuƙin sama. Wani gado ne, wani tsotsar yatsa ce da ta daɗe, wani kuwa toshewar hanci ce ta sa yaro ya saba numfashi ta baki. Idan likitan haƙori ya ce za a faɗaɗa muƙamuƙin, tambayar da iyaye suka fi yi ita ce: shin fuskar yaron za ta sāke kama in ya girma?

Kafin amsa, sai a san yadda aikin yake. Muƙamuƙin sama ƙashi biyu ne, dama da hagu, sun haɗu a tsakiyar ganɗa. A jikin yaro wannan mahaɗa ba ta gama ƙanƙamewa ba. Saboda haka likita yakan ɗaura wani ɗan ƙarfe a turamen sama, mai ƙusa a tsakiya wadda ake murɗawa da ɗan makulli sau ɗaya ko sau biyu a rana. Kowane murɗi yakan buɗa kamar rubu'in milimita. Cikin mako biyu zuwa uku mahaɗar ta buɗe, sa'an nan a bar ƙarfen a baki wata uku zuwa shida domin sabon ƙashi ya cike gurbin. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani likita a Amurka, Emerson Angell, shi ya fara bayyana ta a 1860, aka ƙaryata shi, sai a 1961 Andrew Haas ya farfaɗo da ita.

Ana tsakiyar aikin wushirya za ta fito tsakanin haƙoran gaba. Kada uwa ta firgita, kada kuma ta yi murna 'yarta ta sami ado: alama ce ƙashin ya buɗe, kuma da kanta take rufewa cikin 'yan makonni ko watanni.

To, ga amsar. Masana sun bi yaran da aka yi wa wannan aiki shekaru bayan cire ƙarfen, suna gwada hotunan ƙasusuwansu da na tsararrakinsu. Wani nazari da ya tattara irin waɗannan bincike a 2005 ya nuna cewa ga yaron da bai balaga ba, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin da aka samu a haƙora shi ne ya tabbata a ƙashi. Tsawon fuska kuwa, da yadda haɓa ke fitowa gaba ko komawa baya, ba su sāke ba sākewar da za a kula da ita. Lalle a farkon aiki haɓa takan ɗan sauka, fuska ta yi kamar ta ƙara tsawo, amma girman yaro yakan shafe wannan. Watau ƙarin 'yan milimitoci ne a cikin baki da gindin hanci, wanda maƙwabci ba zai gane shi da ido ba. Yaro zai tashi da kamannin gidansu.

Wannan amsa ta shafi masu tsoro, ta kuma shafi masu ɗoki. A intanet akwai masu tallar cewa irin wannan ƙarfe yana gyara surar fuskar baligi. Baligi kuwa mahaɗarsa ta riga ta ƙanƙame. In an matsa da ƙarfen yara, haƙoran ne za su karkace waje, dasashi ya janye, har haƙori ya yi girgiɗi. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wasu na'urori irin waɗannan da ake sa wa manya. Babba mai bukatar faɗaɗawa da gaske sai da tiyata, ko da ƙananan ƙusoshi da ƙwararre ke kafawa a ƙashin ganɗa.

Saboda haka lokaci ne ginshiƙin al'amarin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yana da kyau a kai yaro a duba shi tun yana shekara 7, lokacin da turamensa na dindindin na farko suka fito. Mazauna Gombe suna iya farawa daga sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya, inda za a duba, in da bukata a tura su wurin ƙwararren mai daidaita haƙora. Yaron da ke minshari yana kwana baki buɗe, a nemi a duba masa hanci da maƙogwaro a wannan zuwan.