Waya Mai Murfi da Madanni: Mu Saya Ko Mu Dakata?

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Kwamitin walwala ya kawo shawarar a saya wa malamanmu da suka yi ritaya wayar salula ɗaya-ɗaya daga cikin asusun ƙungiya, aka kuma ɗora mini nauyin in duba irin wadda aka ambata, wato waya mai murfi wadda ake shafa fuskarta, kuma tana da madanni a ƙasa. Tun da kuɗin karo-karonmu ne za a kashe, ya kamata kowa ya ji abin da na gano.

Da farko kada a haɗa ta da Galaxy Z Flip ta Samsung, wadda ta fito a 2020. Waccan gilashinta ne ke naɗewa, ba ta da madanni ko ɗaya. Wadda ake nufi ita ce irin Cat S22 Flip ta shekarar 2021. Tana aiki da Android, saboda haka tana ɗaukar WhatsApp, faɗin fuskarta inci 2.8 ne, batirinta kuwa 2,000 mAh.

Amfaninta a fili yake. Dattijon da idonsa ya yi rauni yana laluben madanni da yatsa, ya buga lamba ba tare da ya nemi tabarau ba. In ya rufe murfi, magana ta yanke, katinsa ba ya ƙonewa a aljihu. Duk wanda ya tuna ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya san darajar danna lambobin banki ba kuskure, ballantana ga mai jiran fansho.

To amma wajen rubutu akwai aiki. In harafi-harafi za ka bi, kalmar "sannu" kawai sai ka danna sau 11, domin harafin s kaɗai sau huɗu ne a kan lamba 7. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba a rubuta su a kan madannin ba. In ka koma kan gilashi ka same su, sai ka tarar yatsa ɗaya ya rufe haruffa biyu. Malaminmu na Hausa, wanda ya sha ja mana kunne a kan bambancin "kafa" da "ƙafa", ba na zaton zai yi mana godiya.

Inda na fi tsayawa shi ne batir. Jama'a, waya a Kaduna daban, waya a Tsohon Birnin Gwari daban. Idan sabis ya yi rauni, waya ƙara ƙarfi take yi tana neman turken sadarwa, wannan neman kuwa caji yake sha. Wadda za ta wuni ta kwana a cikin gari, in an shiga da ita ƙauyukan bakin daji kafin la'asar ta fara kuka. Ga shi kuma da yawa cikin mutanenmu a shagon mai caji suke biya. Ƙaramar Nokia ko itel, wadda yara ke wa laƙabin da ba zan faɗa a gaban malamai ba, takan yi kwanaki da caji ɗaya, ga tocila ga rediyo. Lokacin da gwamnatin jiha ta sa aka katse sabis a yankinmu saboda 'yan bindiga, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021, tocilar nan da rediyon su ne suka ci gaba da aiki a hannun mutane.

Sai gyara. Kowace waya mai murfi akwai wata siririyar igiyar lantarki da ke ratsa gwiwarta, in ta tsinke fuska ta mutu. Kamfanin Bullitt na Ingila, mai ƙera wayoyin Cat, ya durƙushe a farkon 2024. Wayar kuma don kasuwar Amurka aka yi ta, a kan layin T-Mobile, shi ya sa wasu ke zuwa a kulle. In ta lalace, sai dai a aika Farm Centre a Kano a yi ta cigiyar kayanta, alhali Tecno ko itel mai gyara na bakin tasha zai duba ta nan take.

Shawarata ga kwamiti ita ce kada a sayi iri ɗaya ga kowa. A fara tambayar kowane malami abin da yake yi da waya. Wanda kira da rediyo ne bukatarsa, a saya masa ƙarama mai madanni, a cika masa ragowar kuɗin da kati da ƙaramar sola ta caji. Wanda ke son ganin hoton jikoki a WhatsApp, a ba shi mai faɗin fuska. Mai murfin kuwa a sayi guda ɗaya tak, a sa mata layin da ke kamawa a nan, a bar ta wata ɗaya a hannun malami guda, sannan ma'aji ya kawo mana rahoto a zama na gaba.