Gyaran Gida a Zongon Lome: Abin da Za Ka Tsinta da Abin da Dole Ka Saya

Yau hirarmu ta gida ce, gidan nan da ka bari a Zongo kana kai da komo tsakanin Aflawo da Sinkase, ka dawo ka tarar rufi na yoyo, bango ya jiƙe har gwiwa, uwargida ta jera robobi a tsakar ɗaki.

Na san abin da ke zo maka a rai: ka kai karsana ɗaya kasuwar shanu ta Adetikope, ka kira magini. Dakata tukuna, Alhaji. Karsanar da ka sayar don kwano ba za ta haifa maka ba, kuma rabin kayan da kake shirin saye suna nan a gidanka.

Mutanen Zongo ba baƙin wannan aiki ba ne. A 1977 hukuma ta tashi tsohon Zongo daga tsakiyar birnin Lome, aka mai da jama'a arewa, wajen Aguwe, kusa da Togblekope. Duk wanda aka taɓa tasa ya san abin da ake fara cirewa: kwano, ƙyaure, taga da katakon rufi. Sai dai sabon wurin yana kusa da kogin Ziyo, kuma wanda ya ga ambaliyar 2008 ya san a nan ruwa ta ƙasa yake shigo wa mutum. To, ka yi tsimi a sama, ka kashe kuɗi a ƙasa.

Mu fara da kwano, ko tol kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar ke cewa. Kada ka bar yara su fizge shi. A zare ƙusa ɗaya bayan ɗaya, a sauko da shi, ka ɗaga kowane falle ka duba da hasken rana. Mai lafiya ya koma ɗakin kwana. Mai 'yan huji a liƙe da kwalta da ƙyalle, ya rufe madafi ko rumfa. Wanda tsatsa ta cinye ma ba na bola ba ne, zai yi dangar awaki. Sau da yawa sabon da za ka saya bai wuce na ɗaki ɗaya ba.

Katako kuwa, soka masa ƙusa. In ta nutse ba wahala, gara ta gama da shi, a kai murhu yau ɗin nan kafin ta bi sauran.

Ɓaraguzan bangon da aka rushe, wasu har biyan mai amalanke suke yi ya kwashe. Haba! Ai su ne cikonka. A farfasa, a zuba cikin ɗaki, a kirɓe da kyau har ƙasan ɗakin ta ɗara tsakar gida da tsawon bulo ɗaya ko biyu, sannan a yi daɓe. A ɗaga dokin ƙofa ma.

Ga kuma albarkar tashar jiragen ruwa. Katakon da ake ɗora kaya a kai, wanda ake kira falet, yana yin ƙyauren bayi, kanta da benci. Amma duba hatimin da ke jikinsa. In ka ga HT, da zafi aka gasa shi, ba komai. In ka ga MB, hayaƙin guba aka yi masa, kada ya zama gadon yara ko komin dabbobi. Haka duro: in ba ka san abin da ya ɗauko ba, kada ka tari ruwan sha da shi, kada ka shayar da shanu a ciki. Tsohon rufin siminti mai toka-toka shi ma wani yana da sinadarin asbestos, ƙurarsa na lalata huhu, kada a sa masa zarto.

Abu uku ne ban yarda ka saya a gwanjo ba: rodi, siminti da wayar lantarki. Iskar Lome gishiri gare ta. Rodin da aka ciro daga tsohon gini aka miƙar da guduma ya riga ya gaji, zai yi tsatsa a cikin ginshiƙi, ya kumbura, ya tsaga shi. Saboda gishirin nan ne ma yashin bakin teku ba ya gini, balle ga shi hukuma ta hana ɗibarsa. Simintin da ya dunƙule a buhu, ko kyauta aka ba ka, bar shi. Tsohuwar waya kuwa gobara ce.

Ɗan kasuwa zai ce zai ɗauko kaya daga Gana, sun fi araha. Lissafa kuɗin mota da na kwastan da canjin sidi tukuna. In kuma ƙyauren ƙarfe ka samu a hannu, karɓi takarda gaban shaida, kada wata rana mai shi ya gane kayansa a ƙofarka. Ɗan haya ya fara daidaitawa da maigida ko za a cire kuɗin gyara daga haya, kafin ya buga ƙusa ko ɗaya.

Lokacin aikin shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Kafin Afrilu ruwa ya kankama, kuma a nan kudu yakan sake dawowa wajen Satumba. Ka fara tara kayan tun yanzu, a ɗora su kan bulo, a rufe da buhu.