Baki Shi Ke Yanka Wuya: Darasi Daga Kampung Baru

Masu sauraro, in abokin gardama ya bar magana ya koma zagi, da me ya kamata a amsa masa? Unguwar Kampung Baru da ke birnin Kwala Lamfur a ƙasar Maleshiya ta san tsadar amsar da ba a auna ba.

Ran 10 ga Mayu 1969 aka yi babban zaɓe. Ƙawancen jam'iyyun da ke mulki ya yi nasara, amma ya rasa kujeru da yawa. Magoya bayan jam'iyyun hamayya, galibinsu Sinawa, suka yi jerin gwanon murna, wasunsu suka bi ta gefen wannan unguwa ta Malayawa suna gori da habaici. Jam'iyyar Gerakan ta nemi gafara, amma zukata sun riga sun tafasa. Ran 13 ga wata jama'a suka taru a gidan Harun Idris, babban ministan jihar Selangor, don jerin gwanon ramuwa. Kafin dare, gari ya kama wuta. Hukuma ta ce mutum 196 suka mutu, akasarinsu Sinawa, majalisa kuma ba ta sake zama ba sai 1971.

Da ƙasar ta kafa ginshiƙai biyar na zaman tare a 1970, na biyar shi ne ladabi da kyawun hali. Zagi ba hujja ba ne, ramuwarsa kuwa ta fi shi zafi. Mai hankali yakan tsame batun daga cikin zagin, ya amsa batun kaɗai, ya bar wa mai zagi zaginsa.