Hoton Biki Yana Da Mai Shi



Maganarmu ta yau a kan hotunan biki ce. Wasu teloli da masu kwalliya da masu ƙunshi sukan kwashi hoton amarya daga Facebook su yi tallar sana'arsu ba izini. To mu sani, bisa Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, hoto na wanda ya ɗauka ne har shekara 50, sai in an rubuta wata yarjejeniya. Mu kuma da muka biya shi, muna da ikon hana shi yaɗa hotunan 'ya'yanmu.

Sarkin Hausawa yana iya yin sulhu, amma in ya faskara, Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan ƙara. Kuma cin shari'a daban, karɓar diyya daban. Wanda ya ƙi biya, kotu tana iya umartar bankinsa ya cire kuɗin daga asusunsa, ko a yi gwanjon kayansa.

Saboda haka, kafin biki mu zauna da mai hoto a rubuta sharaɗi, kowa ya sa hannu. Allah ya kiyashe mu cin haƙƙin wani. Wassalam.